Kujera Biyu a Gaban Roka

A farkon watan Agustan 2022, wata likita 'yar Kano da ke aiki a birnin Atlanta na ƙasar Amurka ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata marasa lafiya na rabin sa'a. Ta rufe ƙofar ofis, ta buɗe kwamfuta, ta shiga layin masu neman tikitin kallon harba roka. Rokar da ake magana a kanta ita ce SLS, wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta shirya za ta ɗauki kumbon Orion zuwa kewayen wata, a tafiyar da aka raɗa wa suna Artemis I. Rabin sa'ar ya wuce, layin bai zo kanta ba. Sa'ad da ya zo, ta sayi kujera biyu a wuri mafi kusa da aka yarje wa 'yan kallo, kowace a kan dala 250. Kafin yamma tikitin ya ƙare.

Kujera ta biyun ta mahaifinta ce. Malam, kamar yadda kowa ke kiransa, tsohon malamin kimiyya ne da ya shafe shekaru fiye da talatin yana koyarwa a makarantun sakandare, kuma a lokacin yana da shekara 73. Ya zo Amurka a watan Mayu aka cire masa yanar ido, tikitinsa na komawa gida kuma na tsakiyar Oktoba ne. Likitar ta so idon da aka gyara ya ga wani abu da ya kai a gani kafin ya koma.

Da ta miƙa masa takardar da daddare, abu na farko da ya yi shi ne lissafi. Dala tana kusan naira 700 a kasuwar bayan fage a wancan watan, saboda haka kujerun biyu sun tasam ma naira 350,000. Ya ɗaga kai ya dube ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da sunan yanka ba.

"Uwata, kin san fanshona na wata nawa ne wannan?"

"Baba, ku bar lissafin nan. Gani ya kori ji."

Bai amsa ba. Ya gyara tabarau ya shiga karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar, waɗanda ita ba ta ko duba ba. Can ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce mata ta zo ta gani. Masu sayarwar sun rubuta a fili cewa ba su da iko a kan rana ko sa'ar tashi, kuma ana iya ɗage harbin a kowane lokaci, har a daƙiƙar ƙarshe.

"To, ba tashin roka kika saya ba," in ji shi. "Wurin zama kika saya."

Abin da ake sayarwa

Malam ya yi daidai. Kallon harba roka a gabar gabashin jihar Florida kyauta ne ga duk wanda ya isa wurin. Mutane sukan tsaya a bakin ruwa a garin Titusville, ko a kan gadar Max Brewer, ko a rairayin bakin teku na Cocoa Beach, su ɗaga kai su gani, babu mai tambayarsu ko sisi. Abin da tikiti yake ƙara wa mutum shi ne kusanci. Daga Titusville zuwa dandamalin harbi mai lamba 39B akwai kimanin kilomita 18 zuwa 19. Daga bencinan da ke gefen zauren Apollo/Saturn V, cikin harabar Cibiyar Kennedy, tazarar ba ta wuce kilomita shida ba. Kusa da haka sai ma'aikata. Rokar tana da tsayin mita 98, kuma babban tankinta kaɗai yana ɗauke da ruwan haidurojin da na oksijin fiye da lita miliyan biyu da rabi. In wani abu ya ɓaci, tazarar ce kariyar masu kallo.

Mai hankali zai tambaya me ya sa za a biya wannan kuɗi, alhali talabijin tana nuna komai tar, da kyamarori a gindin injin da kuma a jikin rokar kanta. A nan ne karin maganar da likitar ta yi ya juye. Wanda ke zaune a falonsa ya fi ɗan kallo gani. Abin da allo ba ya iya kawowa shi ne ƙarar. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana tafiyar mita 343 ne kawai a daƙiƙa, wato kimanin daƙiƙa uku a kowace kilomita. Wanda ke kilomita shida zai ga rokar ta ɗaga shiru kamar a mafarki, har ta wuce hasumiyarta, sai bayan daƙiƙa 17 ko 18 rugugin ya iso. Mafi yawan ƙarfinsa a ƙasan abin da lasifikar waya ke iya fitarwa yake, saboda haka ƙirji da tafin ƙafa ne ke karɓarsa kafin kunne. Malam ya san wannan lissafi kamar tafin hannunsa. Kowace damina yakan tsayar da darasi in an yi walƙiya, ya sa ɗalibai su ƙirga har tsawa ta biyo, su raba uku, su faɗa masa nisan hadarin.

Ƙa'idar abin da zai faru da tikiti in an ɗage harbi takan bambanta daga wannan harbi zuwa wancan, amma ginshiƙinta ɗaya ne: yunƙuri ake saya, kuma yunƙuri yana iya ƙarewa rokar tana tsaye. Kuɗin mai, da na masauki, da hutun da aka ɗauka a wurin aiki, duk waɗannan babu mai mayarwa.

Azumin 1962

Likitar tana da dalilin da ya sa ta zaɓi roka a kan duk abin da Amurka ke da shi na kallo. Tun tana ƙarama take jin labari guda daga bakin mahaifinta.

A farkon shekarun 1960, sa'ad da Amurka ta fara tura mutum falaki a shirin Mercury, babu taurarin ɗan'adam da za su riƙa isar da magana tsakanin kumbo da ƙasa. Kumbon yana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma kowace tasha ta ƙasa 'yan mintuna kaɗan take jinsa kafin ya ɓace a bayan sararin. Dole aka jera tashoshin sauraro a kan hanyarsa: a Bermuda, da tsibiran Kanari, da Zanzibar, da Ostareliya, da jiragen ruwa a tsakiyar teku. Ɗaya daga cikinsu a wajen birnin Kano aka kafa ta.

Ranar 20 ga Fabrairun 1962, ana tsakiyar azumi, John Glenn ya tashi daga Florida ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. Ya yi zagaye uku cikin ƙasa da sa'a biyar. Bayan tashinsa da minti ashirin da 'yan kai, wajen la'asar a agogon Nijeriya, ya ratsa ta saman arewa, ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka tabbatar masa cewa an kwana biyu ana iska. Malam yana ɗan shekara 13. Washegari malaminsu ya tsaya a gaban allo ya ce musu jiya wani mutum ya wuce ta kansu a guje, kilomita 28,000 a sa'a, ya kuma ga hazon da ya hana su ganin hasumiyar masallaci. A ƙarshen makon Malam ya ari keken yayansa, da azumi a bakinsa, ya je ya tsaya a bayan waya yana kallon dogayen eriyoyi. Bai ga komai yana motsi ba. Ya dawo gida ana kiran sallar magariba, kuma daga ranar bai ƙara sha'awar wani darasi kamar kimiyya ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da yake yawan maimaitawa, wanda 'yarsa ba ta ba shi muhimmanci ba sai daga baya. An ɗage tafiyar Glenn sau da yawa, daga Janairu har zuwa Fabrairu. Akwai ranar da ya shafe sa'o'i a ɗaure cikin kumbon, gajimare ya ƙi washewa, aka fito da shi ya koma gida.

Litinin da Asabar

Suka bar Atlanta ranar Lahadi, 28 ga Agusta, tafiyar sa'a bakwai a mota. An yi hasashen baƙi fiye da dubu ɗari za su cika yankin, kuma hanyar ta nuna haka. Tun tsakar dare suka shiga layin motocin bas da ke kai masu tikiti cikin harabar. Cibiyar Kennedy tana tsakiyar gandun namun daji ne, ƙasar fadama mai kadoji da tsuntsaye da sauro. Malam ya yi sallar asuba a kan ciyawa a bayan bencina, ya shafa maganin sauro, sannan ya shiga zauren da aka kwantar da rokar Saturn V, irin wadda ta kai mutane wata, mai tsayin mita 111. Ya bi ta daga gindi zuwa kai yana dogara sanda, bai ce uffan ba. Can ƙetaren ruwa, fitilu sun haske sabuwar rokar, fara da ruwan lemo, farin tururi yana fita daga jikinta.

An ware sa'a biyu don tashi, daga ƙarfe 8:33 na safe. Roka ba ta tashi a lokacin da aka ga dama, musamman mai zuwa wata. Sai an daidaita inda watan zai kasance ranar isa, an tabbatar kumbon ba zai daɗe a inuwa fiye da minti 90 ba tun da farantan hasken rana ne ke ba shi wuta, an kuma lissafa cewa zai faɗo teku da rana in ya dawo. Waɗannan sharuɗɗa sukan haɗu na kimanin mako biyu, su rabu na kimanin mako biyu.

Tun cikin dare walƙiya a kan teku ta jinkirta zuba mai. Daga baya agogon ƙirge ya tsaya a kan saura minti 40. Kafin a kunna injunan rokar huɗu, sai an sanyaya su zuwa kusan digiri 250 ƙasa da sifili, domin in ruwan haidurojin mai tsananin sanyi ya kwarara cikin ƙarfe mai ɗumi yana iya lalata shi. Na'urar auna zafi ta injin na uku ta nuna bai yi sanyin da ake so ba. Jim kaɗan bayan lokacin tashi ya shiga, shugabar harbin, Charlie Blackwell-Thompson, mace ta farko da ta riƙe wannan matsayi a NASA, ta ce a tsaya. Lasifika ta sanar, jama'a suka yi wani dogon nishi, aka fara naɗe kujeru. Bayan kwana biyu injiniyoyi suka ce alamu sun nuna injin ya yi sanyi yadda ya kamata, na'urar awon ce ta yi ƙarya.

Likitar ta ji wannan labari ya fi ɗagewar ciwo. Ta ce ashe da an tashi da lafiya lau. Malam ya ce da ita, a matsayinta na likita, in na'ura ta nuna mata hawan jinin majiyyaci ya yi sama ana shirin shiga tiyata, za ta yanka shi a kan zaton na'urar ce ta lalace? Ta yi shiru.

Suka zauna a wani ƙaramin masauki har Asabar, 3 ga Satumba. Ta roƙi ƙarin hutu, ta biya ƙarin kwana biyar. A wannan karon ba a ma kai ga lokacin tashi ba. Haidurojin ya fara yoyo a mahaɗar wani bututu mai faɗin santimita 20 da ke kai mai cikin rokar. Ƙwayar haidurojin ita ce mafi ƙanƙanta a cikin halitta, tana bi ta kafar da ruwa ko iska ba za su iya bi ba, kuma in ta kai kashi huɗu cikin ɗari na iskar wuri, ƙyas ɗaya ya isa. Sau uku aka gwada toshe yoyon daga nesa, bai toshu ba. Da ƙarfe 11:17 na safe, saura sa'a uku, aka sake cewa a tsaya.

A mota, a kan hanyar komawa, ta kasa riƙe hawaye. Ba kuɗin ne ya fi damunta ba. Ta san kwanakin da suka rage wa mahaifinta a ƙasar, ta kuma san shekarunsa.

"Baba, ku yafe mini. Na wahalar da ku a banza."

"Haba, Uwata. Shekarar da na yi aikin hajji kwana tara muka yi a sansanin alhazai muna jiran jirgi, kullum a ce gobe. Wannan ai har da kujera da ruwan sanyi." Ya yi 'yar dariya. "An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. To, namu ma ya ƙi hawa."

Bayan sun yi nisa ya ƙara da wata magana, wadda ba ta wasa ba ce. Ya ce shi ya ga abin da ya zo gani. Ga shugabanni sun hallara, har da mataimakiyar shugaban ƙasa a ranar farko, ga 'yan jarida, ga jama'a sun cika gari, ga kuɗi masu yawa da aka narkar, amma mace ɗaya ta dubi lamba a allo ta ce a'a, kuma kowa ya tashi ya tafi gida. Ya ce ya yi shekaru yana ƙoƙarin koya wa yara cewa in awo ya saɓa wa abin da rai ke so, awon ake bi, bai taɓa ganin an yi hakan a gaban mutum dubu ɗari ba.

Wannan ɗabi'a da tsada aka saye ta. A ranar 14 ga Nuwamban 1969 an harba Apollo 12 cikin hadari, aradu ta faɗa wa rokar sau biyu a cikin minti na farko, da ƙyar aka tsira. A ranar 28 ga Janairun 1986 an harba Challenger da safiyar da sanyi ya yi tsanani, bayan wasu injiniyoyi sun yi gargaɗi cewa robar da ke toshe mahaɗar rokokin gefe ba za ta jure ba. Bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse da mutum bakwai a ciki, har da malamar makaranta Christa McAuliffe, iyayenta suna zaune a bencin 'yan kallo. Layin da Malam ya ɗora wa yatsa a ƙasan tikiti daga irin waɗannan ranaku ya samo asali.

Daren Laraba

A ƙarshen Satumba mahaukaciyar guguwar Ian ta nufo Florida, aka janye rokar zuwa cikin katafaren ginin da ake harhaɗa ta. A tsakiyar Oktoba Malam ya hau jirgi ya koma Kano. An sake fito da rokar a farkon Nuwamba, wata guguwar mai suna Nicole ta same ta a kan dandamali, aka ƙara ɗagewa zuwa daren 16 ga wata.

Likitar ba ta nemi wata kujera ba. Ta tashi daga aiki ranar Talata, maigidanta ya tuƙa, suka isa Titusville da daddare, suka tsaya a bakin ruwa cikin jama'a, inda ba a biyan komai. Ta kira Kano ta WhatsApp. Gari ya waye a can, ƙaninta ya cika wayar da caji tun dare a janareton maƙwabta, ya jingina ta da butar shayi a gaban mahaifinsu.

A daren ma sai da aka yi yoyo. Aka tura ma'aikata uku zuwa gindin rokar, tana cike da mai, suka ɗaure notuna da hannu suka fito. Aka kuma jira a gyara wata na'urar sadarwa a tashar rada. Malam yana kurɓar shayi yana tambaya ko an ce a tsaya. Ba a ce ba.

Da ƙarfe 1:47 na dare a Florida, 7:47 na safe a Kano, gabas ta kama da haske. Ruwan kogin ya koma kamar narkakken ƙarfe, fuskokin mutane suka bayyana sarai kamar da hantsi. A allon wayar Malam komai ya zama fari fat. Jama'a suna ihu, likitar tana cewa, "Baba, kun gani? Kun gani?" Shi kuwa ta jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa yana ƙirga. Jinkirin intanet bai dame shi ba, domin hoto da sauti tare suke makara. Ya wuce ashirin, ya wuce arba'in. Rokar ta yi sama ta karkata wajen teku. Yana kaiwa hamsin da biyar rugugin ya iso, ya girgiza ƙarfen da ta jingina da shi, ya bi ta ƙafafunta ya tsaya a ƙirji. Abin da ya isa Kano ta lasifikar waya ƙarar yayyaga takarda ce kawai.

"Kilomita goma sha takwas da ɗoriya," in ji Malam. "Kin yi nisa, Uwata. Kujerarmu ta fi." Sai ya matso da fuskarsa kusa da allon. "Gaya mini, yaya yake a jiki?"

Ta nemi abin da za ta kwatanta da shi. Ta ce kamar ranar hawan Daushe in mutum ya tsaya dab da masu tambari, sai dai a ce duk sararin sama ne fatar gangar. Ya ce ta ƙara. Ta ce akwai wata ƙara a cikin rugugin mai fashewa-fashewa, kamar ana karya itatuwa a sama. Ya sa ƙaninta ya ɗauko biro ya rubuta.

Orion ya kewaya wata ya faɗo tekun Fasifik lafiya ranar 11 ga Disamba, bayan kwana 25 da rabi. Da likitar ta je gida hutu a shekarar da ta biyo baya, ta tarar da takardar tikitin a cikin tsohon littafin kimiyyar da mahaifinta ya koyar da shi. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sharaɗin ɗagewa. A bayan takardar, da rubutun ƙaninta, an rubuta 55, an raba uku, sai maganar tambari da karyewar itatuwa a ƙasa.